Launin Bangon Littafinka Ba Aikin Mai Kwamfuta Kaɗai Ba Ne

 

Akwai wata rigima da ta ƙi ƙarewa tsakanin mutum uku: marubuci, mai zanen bango da mai maɗaba'a. Marubuciya za ta zaɓi shuɗi mai sanyi don ya dace da labarinta, ta gan shi a allon kwamfuta ta yi na'am, ta biya kuɗi. Ranar da aka kawo littattafai sai ga bango ya koma shunayya, fuskar jarumar kuma ta yi fari fat kamar wadda ta shekara tana shafa mai. Ta koma wurin mai zane, ya ce shi abin da suka gani tare ya tura. Ta je maɗaba'a, a ce mata abin da aka kawo shi aka buga. Daga ƙarshe sai kowa ya tattara laifin ya jibga wa kwamfuta: "Ai tsohuwa ce." Kuɗi sun tafi, zumunci ya yi tsami, ga littattafai jibge a ɗaki mai su tana jin nauyin nuna su.

Ra'ayina a nan shi ne, tsufan kwamfuta ba hujja ba ce. Mafi yawan matsalolin launi ana iya gano tushensu a zama ɗaya, ba tare da an sayi sabon abu ba. Kuma a cikin mutum ukun nan, marubuci ne ya fi cancanta ya san yadda ake wannan bincike, domin sunansa ne a kan bangon, kuɗinsa ne kuma a ciki.

Mu fara da gaskiyar inda muke. Duk wanda ya zagaya shagunan aikin kwamfuta a nan Ƙofar Mazugal, ya gangara Koki ko ya tsallaka Fagge, ya san irin na'urorin da ake aiki da su. Yawancinsu na hannu ne, irin su Dell da HP da suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje kafin su iso mana. Har yanzu akwai masu Windows 7, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, wani wurin ma sai ka tarar da Windows XP, wadda aka sallama tun Afrilun 2014. A kansu ake tafiyar da CorelDRAW 12 ta 2004 ko X3 ta 2006. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma waɗannan na'urori su suka ɗauki nauyin katin biki, kalandar siyasa da bangon littattafanmu shekara da shekaru. Abin da ke jawo asara shi ne a ɗauki abin da allonsu ya nuna a matsayin gaskiya ba tare da an taɓa gwada shi ba.

Abu na farko da ya kamata mu gane: allo da takarda ba harshe ɗaya suke yi ba. Allo da haske yake haɗa launi. Yana da ja, kore da shuɗi, abin da ake taƙaitawa da RGB. In ya kunna su duka sai ka ga fari, in ya kashe su sai ka ga baƙi. Maɗaba'a kuwa da tawada take aiki, kala huɗu: ruwan bula, ruwan hoda mai ƙarfi, rawaya da baƙi, wato CMYK. Ita takarda ba ta fitar da haske, wanda ya sauka a kanta take mayarwa. Shi ya sa akwai launukan da allo ke iya nunawa, kamar kore mai walƙiya ko shuɗi mai tsananin haske, waɗanda tawada huɗun nan ba za su taɓa kawo su ba, ko da injin jiya aka sauke shi daga jirgi.

Marina na Ƙofar Mata sun riga mu sanin wannan darasi. Zanen da aka tsamo daga karofin baba yakan fito da ɗan kore-kore, sai ya sha iska sannan shuɗinsa ya bayyana, in ya bushe kuma ya ƙara sauyawa. Babu marinin da zai yanke hukunci a kan launin zane yana jiƙe. To abin da kuke gani a allo, zane ne jiƙe.

Wannan bambanci na asali ne, ba a kawar da shi, sai dai a yi aiki da saninsa. Amma akwai wata matsalar a kansa, wadda ita ce ta tsofaffin na'urori: allon da yake nuna launin da babu shi a cikin fayil. Haɗarinta shi ne ido yana sabawa. Wanda ya wuni gaban allo mai rawaya-rawaya, kafin azahar ya daina ganin rawayar. Sai ya ga hoto bai yi masa daidai ba, ya ƙara shuɗi don ya gyara. In allon ya dushe, sai ya ƙara wa fuska haske. In allon ya cika haske, sai ya rage, bugu ya fito da duhu. Allo ya yi ƙarya, mai zane ya gyara ƙaryar a cikin fayil, maɗaba'a ta buga gyaran sau dubu. Babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu, amma an yi asara.

Ga yadda ake bin sawun matsalar, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ku kiyaye jerin, domin yawancin mutane daga ƙarshe suke farawa, su ce a goge kwamfuta a sake zuba mata Windows, alhali abin bai kai nan ba.

Na ɗaya, a tambaya: duk allon ne ya sauya launi, ko kuwa a cikin manhaja ɗaya ce kawai? A buɗe shafi fari wanda ba a rubuta komai ba, a kara farar takarda kusa da shi. Sannan a buɗe Paint a zana akwati uku, ja zalla, kore zalla, shuɗi zalla. In farin ya rine ko'ina, matsalar ta waya ce, ko allo, ko saitin Windows. In ko'ina lafiya sai a manhaja ɗaya, to a bar waya ta huta, laifin yana cikin manhajar.

Na biyu, a ɗauki hoton allo da maɓallin da ke kan kibod, a tura shi waya. Wannan hoton abin da kwamfuta ta yi niyyar nunawa yake ɗauka, ba abin da ido ya gani ba. In ya fito lafiya a waya alhali allon yana nuna ruwan hoda, to fayil lafiyarsa ƙalau, a hanya launin ya lalace.

Na uku, waya. Mafi yawan tsofaffin kwamfutocin nan da wayar VGA suke haɗe da allo, mai kai shuɗi da kusoshi biyu na ɗaurewa. Kamfanin IBM ne ya fito da wannan tsari tun 1987. Kanta yana da gurbin allura 15, kuma ukun farko su ke ɗauke da launi: ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. In allurar shuɗi ta lanƙwashe ko ba ta taɓawa, allo gaba ɗaya zai koma rawaya. In ta ja ce, zai koma ruwan bula, akwatin jan nan da kuka zana kuma ya zama baƙi. In ta kore ce, komai zai yi ruwan hoda. A kashe na'ura, a zare wayar, a duba alluran, a hure ƙurar hunturu da ta taru, a mayar a ɗaure kusoshin sosai. In bai gyaru ba a aro wata wayar a gwada. Akwai kuma wata shaida: a danna maɓallin saitin da ke jikin allon kansa. In ɗan akwatin da ya fito yana da launinsa daidai amma sauran allon a rine, allon ba shi da laifi. Sau da yawa abin da ake shirin sayen sabuwar kwamfuta dominsa, waya ɗaya ce.

Na huɗu, allon kansa. Tsofaffin alluna masu faɗi fitilar tsinke ce ke haska su daga baya, kuma tana tsufa kamar kowace fitila: haskenta ya ragu, farinta ya koma rawaya ko ja-ja. Masu arahar cikinsu kuma launinsu yana sauyawa da inda mutum ya tsaya. Mai zane yana zaune, marubuci yana tsaye a bayansa yana leƙe, kowa da launin da yake gani, kuma kowa ya ce "ya yi". Ku ja kujera ku zauna daidai gaban allon. A cikin saitin allon a mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, sannan a zaɓi sRGB in akwai, in babu a zaɓi 6500. Wanda aka bari a 9300 farinsa yana da shuɗi-shuɗi, kuma zai ja mai zane ya cika ja da rawaya. In har yanzu akwai mai aiki da allo mai ƙeya irin na tsohuwar talabijin, ya nisantar da lasifika daga gare shi, domin maganaɗisun cikinta yana rina gefen allo. Windows 7 da waɗanda suka biyo bayanta suna da wani ɗan tsari na daidaita allo da ido. A rubuta dccw a wurin bincike a bi matakan. A Windows 10 kuma a tabbatar an kashe hasken dare, wanda ke sanya allo ya yi ruwan goro don kare ido.

Na biyar, direba da yawan launi. Direba ita ce 'yar manhajar da ke sa Windows ta fahimci na'urar hoton da ke cikin kwamfuta. Idan aka sake zuba Windows ba a sa direbar da ta dace ba, kwamfuta za ta ci gaba da aiki da ta wucin gadi, hoto ya miƙe ko ya cure, launi ya ragu. Lissafin a fili yake: tsarin bit 8 launi 256 kawai yake nunawa, bit 16 yana nuna 65,536, bit 24 ko 32 kuma sama da miliyan 16. Alamar ƙarancin launi ita ce sararin samaniya ko kumatun mutum su fito layi-layi kamar matakala maimakon su narke cikin juna. A XP da Windows 7 ana iya duba wannan a saitin allo, a mayar da shi 32.

Na shida, manhajar kanta. A nan abu uku ne suka fi yawa. Akwai tsofaffin manhajoji na shekarun 1990, kamar wasu na koyon buga rubutu da wasanni, waɗanda aka gina don launi 256. Su in launinsu ya hargitse, a shafin dacewa da tsofaffin manhajoji ake sa musu alamar rage launi su daidaita. Amma in aka sa wannan alama a kan manhajar zane bisa kuskure, an kashe ta, sai a cire. Akwai kuma fayil ɗin bayanin launi da wasu alluna ke zuwa da shi, wanda in ya lalace sai ka ga hoto ya yi rawaya a manhajar kallon hoto ta Windows ko a Photoshop alhali ko'ina fari ne. Maganinsa a shiga sashen kula da launi a mayar da shi sRGB, ma'aunin da HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda har yau shi ne na gama-gari a intanet. Na ukun ya shafi Corel: kamfanin ya sake tsarin sarrafa launi a X5 ta 2010, saboda haka aikin da aka yi a X3 yana iya sauya kama in an buɗe shi a sabuwa. Ku tambayi wace ce a shagon mai zane, wace ce a maɗaba'a. Mafi aminci a fitar da bangon a PDF.

In an bi waɗannan duka allon ya ƙi, ko kuma ɗigo-ɗigo da layuka masu kala suna fitowa bayan na'ura ta ɗauki zafi, to lokacin ne ake kiran mai gyara ya buɗe ta, ya share ƙura, ya duba fanka. A zafin bazarar Kano wannan ba baƙon abu ba ne.

To a ce allon ya tsufa ƙwarai kuma babu kuɗin wani. Har yanzu akwai mafita, domin kowane launi yana da lamba, kuma lamba ba ta dushewa. Corel da Photoshop duk suna da abin ɗiban launi da zai gaya muku adadin kowace tawada a inda kuka taɓa. Shuɗin da aka haɗa da ruwan bula 100 da ruwan hoda 100, a allo shuɗi ne, a takarda shunayya yake karkata. In ana son ya tsaya a shuɗinsa, sai a sauke ruwan hoda zuwa wajen 60 ko 70. Ƙananan rubutun bayan littafi kuma a yi su da baƙar tawada kaɗai, 100, sauran ukun sifili. Dalili shi ne kowace kala da farantinta ake buga ta, kuma a injin da ke ɗaukar kala ɗaya, irin Kord ɗin da ake yawan gani a ƙananan maɗaba'u, takarda sau huɗu take wucewa. In ta goce ko da kaurin gashi, rubutun da aka haɗa da tawada huɗu zai fito da inuwa, mai karatu ya ɗauka idonsa ne.

Ina so in tsaya a kan batun fuska, domin a ganina ya wuce batun ado. Marubuci zai ɓata shafi guda yana siffanta jarumarsa baƙa ce mai sheƙi, ko wankan tarwaɗa, sai bango ya ƙaryata shi. Wani lokaci da gangan ake haskaka fuska don ana ganin ita ke jan kasuwa, wannan muhawara ce ta wani makon. Amma wani lokaci babu wanda ya nufa, dusashen allo ne ya sa aka yi ta ƙara haske har fatar ta wanke. Ko ta wace hanya aka bi, saƙon da ya isa ga yarinyar da ta ɗauki littafin ɗaya ne. In mun yarda rubutunmu yana gyara tunani, bai kamata mu bar tsohuwar fitila ta yanke mana irin fatar da ta cancanci hawa bango ba.

Na san abin da wasu za su ce: marubuci aikinsa rubutu, kowa ya tsaya a fagensa. Da muna da kamfanonin ɗab'i masu ɗaukar littafi su yi masa komai, da na yarda. Amma tun zamanin magabatanmu na ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, marubucin Hausa a Kano shi ne mai rubutu, shi ne mai neman kuɗin bugu, shi ne mai bin maɗaba'a, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Wanda ya ɗauki duk wannan ɗawainiya ba zai ce launin bango ne kaɗai bai shafe shi ba. Sunan ƙungiyar tasu ma yana tuna mana karin maganar raina kama ka ga gayya, kuma lallai an ga gayya. Sai dai mai karatun yau da yatsa yake wuce bango a waya, cikin ƙiftawar ido. In ya raina kama, ba lallai ya tsaya ganin gayyar ba.

Wasu kuma za su ce su ba ruwansu da maɗaba'a, a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari. Ku ma ba ku tsira ba, sai dai naku akasin haka ne. Bangon da za a gani a waya a RGB ya kamata a fitar da shi. In aka ba ku na bugu mai CMYK kuka ɗora, yana iya fitowa a dushe ko da wani launi na daban. Ku nemi fayil biyu, na bugu da na waya. In za a turo muku na bugu ta WhatsApp, a turo shi a matsayin fayil, domin in aka turo shi a hoto ana matse shi ingancinsa ya ragu. Kada kuma ku mai da wayarku alƙali a kan bugu: wayoyi da yawa suna ƙara wa launi armashi fiye da yadda yake. Shaida ce mai amfani, amma ba ita ke yanke hukunci ba.

Mai yanke hukunci shi ne gwajin bugu. Kafin a buga dubu, a buga ɗaya, a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, domin kati mai sheƙi da takarda mai shan tawada ba sa ba da launi ɗaya, ledar da ake liƙa wa bango ma tana ƙara masa duhu. In injin gwaji daban ne da na aikin, ku roƙi a kira ku ranar da za a fara, ku ga fallayen farko kafin a saki inji. Ku fita da shi bakin ƙofa ku duba a hasken rana, kamar yadda mai sayen atamfa a Kantin Kwari ke fitowa da turmi waje kafin ta biya. In ya yi, ku sa hannu a bayansa, mai maɗaba'a ma ya sa, kowa ya san abin da aka yi alkawari a kansa. Gwajin nan shi ne bambanci tsakanin magana mai hujja da cacar baki.

Ga 'yan'uwanmu masu zane da ke cikin wannan zaure, wannan ba tuhuma ba ce. Kuna aiki cikin zafi, da wutar da ba ta tsayawa, da na'urorin da wasu suka yar, kuma kuna fitar da abin yabo. Marubucin da ya san bambancin RGB da CMYK sauƙi ne a gare ku, domin ba zai zo yana neman koren da tawada ba ta da shi ba. Shawarata ga ƙungiyoyinmu kuma ita ce, kamar yadda muke zama a kan ƙa'idojin rubutu da tsarin labari, mu ware zama ɗaya mu gayyato mai zane da mai maɗaba'a, a kunna tsohuwar kwamfuta a gaban kowa, a sassauta wayar VGA a ga yadda allo ke rinewa, a ɗora bango kusa da hotonsa a kwatanta. Gani ya kori ji.

Wanda ke da bango a hannun mai zane a wannan makon, ya tafi da farar takarda ɗaya a aljihu, ya nemi kujera, ya tambayi lambar shuɗinsa, kuma kada ya biya kuɗin bugu sai ya riƙe gwaji a hannu.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya tsare mu daga asara. Sai wani makon in Allah Ya kai mu.